Ruwan Teku Ko Gishirin Masana'anta: Lissafin Da Ke Gaban Masu Kiwon Murjani

A cikin shekarar 1930, lokacin da aka buɗe gidan baje kolin halittun ruwa na Shedd a birnin Shikago na ƙasar Amurka, sai da taragon jirgin ƙasa guda 20 masu ɗaukar ruwa suka yi sawu takwas zuwa Key West ta jihar Fulorida, tafiyar da ta haura kilomita 2,000, don kawai su kwaso ruwan teku. Abin da suka kawo ya kai galan miliyan ɗaya, watau kimanin lita miliyan 3.8. Bayan shekara 75, a cikin 2005, aka buɗe wani gidan a birnin Atlanta wanda ya fi na Shikago girma nesa ba kusa ba, domin babban tankinsa kaɗai yana cin kusan lita miliyan 24. A wannan karon ba a aika tarago ko ɗaya bakin teku ba. Ruwan famfon birnin aka tace, aka narka masa gishirin da aka haɗa a masana'anta, aka zuba kifi. Shi kansa gidan Shedd ya daɗe da daina dakon ruwa, ya koma haɗa nasa.

Duk da haka gardamar ba ta mutu ba. Har yanzu akwai manyan gidaje da ƙwararrun masu kiwo da suka tsaya a kan cewa babu abin da ya kai ruwan da Allah ya halitta, kuma suna da hujjarsu. Ganin cewa manyan otal, ofisoshi da kantunan zamani sun ɗauki tankin gilashi mai kifin teku a matsayin kayan ado, ɗan kasuwar da ke tunanin sayen irin wannan tanki, ko shiga harkar sayar da kayansa, zai ci karo da wannan tambaya tun a ranar farko. Wanda ke zaune a Legas, yana hango teku daga tagar ofishinsa, zai ɗauka amsar a fili take, tun da ruwan teku kyauta ne. Lissafin da ke ƙasa ya nuna cewa farashin ruwan a bakin gaɓa shi ne mafi ƙanƙantar abin dubawa. Nisan dako, tsabtar wurin ɗiba, da darajar abin da za a zuba a cikin ruwan, su ke yanke hukunci.

Dukiyar da ke cikin gilashi

Murjani na ainihi da muka sani a kasuwa, wanda mata ke ado da shi, ƙashin wata halittar teku ne da aka fi samowa daga Bahar Rum. Wanda ake kiwo a tankin gilashi danginsa ne na tekuna masu ɗumi, kuma da ransa ake son sa. Ƙananan dabbobi ne da ke zaune a dunƙule, suna zuƙar sinadarai daga ruwa suna gina wa kansu gida mai tauri kamar dutsen farar ƙasa. A cikin tsokarsu akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda ke sarrafa haske su ciyar da su. Murjani ba ya iya tashi ya guje wa ruwan da ya ɓaci kamar yadda kifi ke yi. Yana bukatar zafin da bai wuce digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas ba, da gishiri daidai gwargwado, kuma canji na farat ɗaya yakan sa ya yi fari ya mutu.

Kuɗin da ke cikin harkar ba kaɗan ba ne. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 ke da tankin kifin teku a duniya, kuma cinikin halittun da ake zubawa a ciki yana kaiwa Dalar Amurka miliyan 200 zuwa 330 a shekara. A lokacin ana sayar da kifi miliyan 20 zuwa 24 da gutsuren murjani mai tauri miliyan 11 zuwa 12 kowace shekara. Rahoton ya kawo wani kwatanci da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe: tan ɗaya na murjani mai rai yana kawo kimanin dala 7,000, alhali kuwa tan ɗaya na murjanin da aka fasa don yin farar ƙasa dala 60 kacal yake kawowa. Watau kusan dukan darajar tana cikin ran ne, shi kuwa ran yana hannun ruwa.

Daɗin daɗawa, maye gurbin wanda ya mutu ba abu ne mai sauƙi ba. Murjani mai tauri yana cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa ta sa wa takunkumi, ta yadda ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini daga ƙasar da ta fitar da shi, kuma yarjejeniyar tana aiki a kan Nijeriya tun 1975. Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da murjani mai rai, ta dakatar da fitarwa daga 2018 zuwa farkon 2020, farashi ya tashi a kasuwannin Turai da Amurka.

Abin da ruwan teku ya ƙunsa

A kowane kilo ɗaya na ruwan tsakiyar teku akwai kimanin giram 35 na gishiri iri-iri, sauran giram 965 ruwa ne zalla. Daga cikin wannan giram 35, sinadaran sodiyam da kuloraid, waɗanda su ne gishirin miya, sun kwashe kimanin kashi 86 cikin ɗari. Sauran kashi 14 ɗin su ne salfet, maganiziyam, kalsiyam, fotasiyam, kabonet, da wasu ƙarafa masu yawa da ake samun ɗigonsu kawai. Ga murjani, wannan ragowar ita ce jari, domin da kalsiyam da kabonet yake gini, maganiziyam kuma shi ke hana su daskarewa su kwanta a ƙasan tanki. Saboda haka gishirin girki, ko na buhu ko na kwali, ba ya wannan aiki ko kusa. Ba shi da waɗannan sinadarai, ga shi an ƙara masa aidin da maganin hana dunƙulewa.

Abin da ya buɗe ƙofar yin ruwan teku a masana'anta shi ne binciken da wani masanin haɗa sinadarai, William Dittmar, ya wallafa a 1884. Ya auna samfur 77 na ruwan da jirgin bincike na Ingila mai suna Challenger ya kwaso daga tekuna daban-daban tsakanin 1872 da 1876, ya tabbatar da cewa ko da kaurin gishirin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, rabon manyan sinadaran a tsakaninsu ba ya canzawa. Alal misali, Bahar Maliya da alhazanmu ke gani a Jidda tana da gishiri kusan giram 40 a kilo, tekun Baltik ta arewacin Turai kuwa a yawancin sassanta ba ta kai giram 10 ba, amma tsarin haɗin kusan ɗaya ne. Abin da ke da tsayayyen tsari kuwa ana iya kwaikwayonsa.

Tun kafin wannan bincike, a 1854, Philip Henry Gosse na Ingila ya wallafa hanyar haɗa ruwan teku da gishiri iri huɗu don mutanen Landan da teku ta yi wa nisa. Sai dai abin bai zama haja ta sosai ba sai a shekarun 1960, lokacin da William Kelley, wanda ya shugabanci gidan kifi na birnin Cleveland, ya fito da garin gishiri mai suna Instant Ocean. A 1965 aka buɗe gidan kifi a Niagara Falls wanda ya dogara kacokan a kan ruwan haɗi. A yau kamfanoni irin su Tropic Marin na Jamus da Aquaforest na Foland da Red Sea suna gogayya a wannan kasuwa. Wasu daga tsarkakakkun sinadarai suke haɗawa, wasu kuma busar da ruwan teku suke yi sannan su cike abin da ya ɓace wajen bushewar.

Lissafin dako

Fataken da suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawo kantun gishiri daga Bilma zuwa Kano ba su taɓa ɗora wa raƙumi ruwan gishiri ba. A can ake busar da ruwan, a ɗauko abin da ke da daraja. Wannan shi ne ginshiƙin kasuwar gishirin tanki. Wanda ya yi dakon ruwan teku, kashi 96.5 cikin ɗari na kayansa ruwa ne wanda yake iya samu a gida.

Mu ɗauki tanki mai lita 500, irin wanda za a iya gani a zauren karɓar baƙi na otal. Al'adar masu kiwo ita ce sauya kimanin kashi 10 cikin ɗari na ruwan kowane mako ko mako biyu, don rage dattin da ya taru da mayar da sinadaran da suka ragu. Idan kowane mako ne, lita 50 sau 52 ya ba da lita 2,600, a haɗa da cikon farko, ya zama lita 3,100 a shekara. Garin gishirin masana'anta yana ɗauke da ɗan danshi a jikinsa, saboda haka ana bukatar giram 38 zuwa 40 don kowace lita. Lita 3,100 za ta ci kimanin kilo 124, watau bokiti shida masu kilo 22, har da ragowa. In kuwa ruwan teku za a yi amfani da shi, jarka 124 ke nan masu lita 25, nauyin da ya haura tan uku. Kowane kilo ɗaya na gishiri yana tsayawa a madadin jarka guda cike.

A babban mataki bambancin ya fi fitowa. Tankar mota mai lita 33,000 da ta taso daga Legas zuwa Abuja, tafiyar fiye da kilomita 700, ko zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 1,000, abin da take ɗauke da shi na gishiri bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kayan da ƙaramar akori-kura za ta ɗauka. Kwantena guda mai tan 20 na gishiri tana ba da lita 500,000, daidai da tanka 15. Kuma gishiri yana jira a ɗakin ajiya wata da watanni, shi kuwa ɗanyen ruwan teku da aka rufe a tanki cikin zafin rana, ƙananan halittun da ke cikinsa mutuwa suke yi su ruɓe, iskar da ke ciki ta ƙare, ya iso a gurɓace. Don haka ga duk wanda ke nesa da gaɓa, dako kaɗai ya kashe maganar. Gardama ta gaskiya tana ga mazauna bakin teku.

Ribar ruwan teku da haɗarinsa

Hujjar masu goyon bayan ruwan teku tana da ƙarfi. Shi ne ma'aunin da kowane kamfani ke ƙoƙarin kamowa. Dukan sinadaran suna cikinsa a daidai rabonsu, har da waɗanda ake samu ɗigo-ɗigo, ga ƙananan halittu masu yawo a ruwa waɗanda abinci ne ga murjani. Ba a jiran ya narke, ba a fargabar kuskuren awo. Gidan kifi na Monterey Bay a jihar Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1984, yana zuƙo kimanin lita 7,500 na ruwan teku a kowane minti. Da rana ana tace shi don 'yan kallo su gani tangaran, da dare kuma a bar shi ya shigo yadda yake don ya kawo abinci. Gidan kifi na Waikiki a jihar Hawai, wanda ke kiwon murjani tun 1978, ya yi suna ne da ruwan gishirin wata rijiya da aka haƙa a bakin gaɓa, inda dutsen ƙarƙashin ƙasa ke tace ruwan kafin ya iso.

Abin lura shi ne, waɗannan gidaje an gina su ne a bakin ruwan da aka sani, suna da bututu nasu na dindindin, da ɗakin gwaji, da ma'aikata masu auna ruwa kullum. Yawan abin da suke ci ya sa kuɗin kowace lita ya faɗi ƙasa warwas. Mai jarka goma ba ya cikin wannan sahu.

Murjani ɗan ruwa ne mai ƙarancin taki, nesa da bakin kogi da magudanar birni. Ruwan gaɓa kuwa shi ke karɓar duk abin da ƙasa ta zubar: bahaya, takin zamani, maganin feshi, man jiragen ruwa, dattin masana'antu. Sinadaran fosfet da naitiret da ke cikin irin wannan datti suna haifar da gansakuka mai lulluɓe murjani, jan ƙarfe kuwa ko ɗan ƙanƙani ne yana kashe shi. Ruwan yana iya shigowa da ƙwayoyin cutar farin ɗigo da ke kama kifi, wadda a cikin rufaffen tanki takan share kowa cikin 'yan kwanaki. Wani lokacin ma tekun da kanta ke juyawa. Daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2019, wata ƙaramar halitta mai guba ta yaɗu a gaɓar yammacin Fulorida, ta rina ruwan, ta kashe kifaye da kunkuru masu ɗimbin yawa. Mafi munin abin shi ne yawancin wannan gurɓata ido ba ya ganinta.

Saboda haka masu amfani da ruwan teku suna bin ƙa'idoji. Suna fita da kwalekwale ko jirgi nesa da gaɓa, suna ɗiba lokacin da teku ke cikowa, ba sa ɗiba bayan ruwan sama. Suna tacewa da matata mai laushi, su bi da shi ta gaban fitilar kashe ƙwayoyin cuta, ko su sa masa kulorin sannan su cire, ko su ajiye shi cikin duhu mako biyu ko fiye har abin da zai mutu ya mutu ya kwanta. Kowane mataki kuɗi ne: hayar jirgi, mai, lebura, wurin ajiya, lantarki. Bugu da ƙari, tacewar tana kashe ƙananan halittun nan da aka ce su ne fifikon ruwan tun farko. Abin da ya rage a hannu ruwan gishiri ne mai kyau, amma ya tashi daga kyauta.

Ribar gishirin masana'anta da aibinsa

Abin da mai sayen gishiri ke biya wa kuɗi shi ne tabbas. Bokitin da aka buɗe yau da wanda za a buɗe bayan wata shida ana sa ran su ba da ruwa iri ɗaya, babu cuta, babu mai, babu ruwan damina. Yana iya haɗa lita 200 da tsakar dare idan tanki ya sami matsala. Kamfanoni kuma suna fitar da nau'i na musamman wanda aka ƙara wa kalsiyam da kabonet fiye da na teku, don murjanin da ake son ya yi saurin girma. Shaida mafi ƙarfi a kan ingancin ruwan haɗi ta fito ne daga gidan tarihi na Horniman a Landan, inda tun daga 2013 Jamie Craggs da abokan aikinsa suka sa murjani ya saki ƙwai a rufaffen tanki ta hanyar kwaikwayon zafin yanayi, tsawon yini da hasken wata. Halittar da ta hayayyafa a cikin ruwa, ba za a ce ruwan bai karɓe ta ba.

Sai dai gishirin haɗi bai zama teku ba. A ƙarshen shekarun 1990, Marlin Atkinson na Jami'ar Hawai da Craig Bingman sun auna gishirin kasuwa iri takwas, suka tarar manyan sinadaran sun yi kusa da na teku, amma wasu ƙarafa da ake samu ɗigo-ɗigo sun zarce na teku ninki-ba-ninki, saboda suna shigowa ne a matsayin datti cikin kayan haɗin. A 2003 wani masani, Ronald Shimek, ya ba da rahoton cewa 'ya'yan bushiyar teku sun fi mutuwa a wasu ruwayen haɗi fiye da ruwan teku, wasu masana kuma suka ƙalubalanci hanyar gwajin nasa. Gardamar ta yi amfani, domin daga shekarun 2010 gwajin ruwa a ɗakin bincike ya yi sauƙin da mai tanki ɗaya zai aika samfur a auna masa sinadarai fiye da talatin, kuma wasu kamfanoni sun fara bayyana sakamakon gwajin kowane rukuni da suka fitar.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a jikin bokiti ba. Gishiri mai kyau a cikin ruwa maras kyau asara ce. Ruwan famfo yana da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma sau da yawa yana da ƙarfe da naitiret, don haka dole a bi da shi ta na'urar tacewa ta matsi da ake kira RO, irin wadda masana'antun ruwan leda da yawa ke amfani da ita, a ƙara masa matatar da ke tsame ragowar sinadarai. Ƙananan na'urori na gida sukan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin su ba da lita ɗaya mai tsabta. Ke nan lita 3,100 ɗin nan za ta ci ɗanyen ruwa lita 12,400 zuwa 15,500, ko da yake wanda aka zubar yana aikin wanki da ban-ruwa. Garin gishirin yana shan danshi ya dunƙule idan ba a rufe shi da kyau ba, abin da ya kamata mai ajiya a Legas ko Fatakwal ya kiyaye. Gishiri ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan gishiri, a bar shi yana motsawa wasu sa'o'i, a auna kaurinsa da zafinsa kafin ya shiga tanki.

Wasu kuɗaɗen kuwa ba su da ruwa da zaɓin da aka yi. Ruwan tanki yana tashi sama ya bar gishirinsa, saboda haka kullum sai an cike gurbin da tsabtataccen ruwa maras gishiri. Ashe ko mai ɗibar ruwan teku bai tsira daga sayen na'urar tacewa ba. Kazalika murjani mai girma yana cinye kalsiyam da kabonet da sauri fiye da yadda sauyin ruwa ke mayarwa, sai an riƙa ƙara su daban. Sannan ga lantarki na fitilu, famfuna da na'urar sanyaya ruwa, wanda bai kamata ya yanke ba ko na 'yan sa'o'i.

Yadda lissafin ya shafi Nijeriya

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, amma babu tsaunin murjani irin na Bahar Maliya ko na gaɓar Kenya a ko'ina cikinta, haka ma kusan dukan gaɓar Mashigin Tekun Gini. Babban dalili shi ne ruwan daɗi da laka da kogin Kwara da sauran koguna ke kwararowa, ga ruwan sama mai yawa. Wannan kansa ishara ce: ruwan da murjani bai zaɓi zama a cikinsa ba, sai an yi masa aiki kafin a tilasta masa. Tafkin Legas ruwa ne ruwa-biyu, gishirinsa yana faɗuwa kusan babu a tsakiyar damina, ya tashi da rani, kuma shi ke kwashe dattin birnin da na tashar jiragen ruwa ta Apapa ya fitar teku. Tun 2011 wata ciyawar teku mai suna sargasum take taruwa a gaɓar Afirka ta Yamma lokaci-lokaci tana ruɓewa. Nisa daga gaɓa ma bai zama kariya ta ƙarshe ba, domin a watan Disamba na 2011 kimanin ganga 40,000 ta ɗanyen mai ta malala a filin mai na Bonga, kilomita 120 cikin teku.

Wannan bai nuna cewa ba a samun ruwa mai kyau a tekunmu ba. Da rani, nesa da bakin tafki da koguna, ana iya samu, kuma wanda gishirinsa ya gaza ana iya ɗaga shi da ɗan garin masana'anta. Amma aiki ne na mai jirgi da ɗakin gwaji. Cibiyar Binciken Teku da Halittun Ruwa ta Nijeriya da ke Victoria Island, wadda aka kafa a 1975, ita ce aka ɗora wa nazarin ruwan tekun ƙasar nan, kuma can ya dace mai babban shiri ya fara neman bayani.

Shi kuma gishirin, rauninsa a wurinmu shi ne kuɗin musaya, tun da fitattun nau'o'insa duk daga waje ake shigo da su. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a cikin watan, zuwa Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. A lissafin farashin hukuma, kuɗin bokitin da farashinsa bai motsa ba a waje ya ninka fiye da sau uku a Naira cikin wata takwas. Sai dai a daidai wannan lokaci, janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya tsadar da hayar jirgi da ta mota, watau ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba.

Abin da ya kamata a auna

Kafin ɗan kasuwa ya yanke shawara, tambayoyi uku sun ishe shi. Ta farko, nawa lita ɗaya za ta tsaya masa a bakin tanki, bayan an haɗa dako, tacewa, ajiya da gwaji, a kowane ɓangare? Ta biyu, zai iya samun ruwa mai inganci iri ɗaya a watan Yuli kamar yadda ya samu a Janairu? Ta uku, nawa ne darajar abin da ke cikin tankin, kuma wata nawa zai ɗauka kafin ya maye gurbinsa? Tambaya ta uku ita ake mantawa, alhali ita ce mafi nauyi. Idan halittun da ke cikin tanki sun ninka kuɗin gishirin shekara sau goma, to ɗiba ɗaya ta gurɓataccen ruwa ta cinye tsimin shekara goma. Araha dai ba ta ado.

Bisa ga wannan, babban gida mai cin dubban lita a rana, wanda aka gina a bakin ruwa mai tsabta, shi ruwan teku ya fi yi wa riba. Otal, ofis, kanti da gida, a Legas suke ko a Abuja, gishirin masana'anta da na'urar tacewa sun fi musu kwanciyar hankali, a lissafa tsadar a matsayin kuɗin inshora.

Ga mai neman hanyar shiga harkar, ƙofar da ta fi kusa tana tsakiya. Yawancin masu tankin ado ba su da lokacin tace ruwa da awo, kuma a Turai da Amurka shagunan kifi sun daɗe suna sayar da tataccen ruwa da haɗaɗɗen ruwan gishiri a jarka, tare da kwangilar zuwa sauya ruwa da duba tanki. Mai masana'antar ruwan leda da ke da na'urar RO ya riga ya mallaki rabin kayan aikin. Abin da zai ƙara shi ne matata ta ƙarshe, tankin haɗi na roba wanda ƙarfe bai taɓa shi ba, ma'aunin gishiri mai kyau, busasshen ɗakin ajiya, da yaro ɗaya da aka koya wa awo har ya ƙware. Kasuwar ƙarama ce, kuma ya kamata ya ƙidaya tankunan da ke garinsa kafin ya yi odar kwantena, amma abokin ciniki ɗaya da ya yarda da ruwansa zai dawo kowane mako muddin murjaninsa na raye.